Ba a Rigar Fata Laifin Pat Boone Yake Ba

Daren 27 ga Janairu, 1997, a wajen bikin raba kyaututtukan waƙa na American Music Awards a Los Angeles, aka kira mutum biyu su fito su miƙa kyautar gwanayen kiɗan metal. Na farko Alice Cooper ne, wanda ya shafe shekaru yana hawa dandamali da maciji a wuya, baƙin kwalli ya zubo masa har kumatu. Ba wanda ya yi mamakinsa. Na biyun ne ya sa masu kallo a gida suka gyara zama: dattijo ɗan shekara 62, ƙirji a waje, falmaran ta baƙar fata, zanen jiki na liƙawa a damatsa, baƙin tabarau, ga abin wuya mai ƙusoshi irin wanda ake ɗaura wa kare. Pat Boone ke nan, mutumin da iyaye a Amurka suka yi shekara 40 suna nuna wa 'ya'yansu shi a matsayin ɗan kirki abin koyi. Suka miƙa wa Metallica kyautar. Washegari sabon albam ɗinsa, In a Metal Mood: No More Mr. Nice Guy, ya shiga kasuwa.

Ga wanda bai taɓa jin kiɗan metal ba: jita ce ta lantarki da ake ƙure mata murya har ta koma gurnani, da ganguna masu duka kamar ana rushe gini, da mawaƙi mai ihu iya ƙarfinsa. Ya taso ne a Ingila wajen 1970, musamman a Birmingham, garin masana'antu, kuma tun farko ya ƙawata kansa da hotunan ƙoƙon kai, kabari, wuta da shaiɗan. Shi kuwa Boone an san shi da farin takalmi, tattausar murya da wa'azi. A 1958 har littafin nasiha ya rubuta wa matasa, ya kuma yi kasuwa sosai. Abin da ya yi a wannan albam shi ne ya ɗauko waƙoƙi 12 na irin su Metallica, AC/DC, Judas Priest, Deep Purple da Ozzy Osbourne, ya zare musu gurnanin, ya mayar da su kiɗan jaz irin na manyan ƙungiyoyin masu busa, wanda kakannin masoya metal suka yi rawa da shi a shekarun 1940. Shi da bakinsa ya ce daga raha da makaɗansa abin ya fara.

Albam ɗin bai yi wata kasuwar a zo a gani ba. Ya tsaya a lamba 125 a jerin Billboard na albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, duk da cewa ga mutumin da ya yi sama da shekara 30 rabonsa da shiga wannan jeri, hakan ma wani abu ne. Surutun da ya jawo shi ne ya fi cinikin yawa. Tashar talabijin ta Kirista, Trinity Broadcasting Network, inda Boone ke gabatar da shirin Gospel America, ta cika da ƙorafin masu kallo, ta dakatar da shirin. Sai da ya zauna a gaban kyamara tare da shugaban tashar, Paul Crouch, da limamin cocinsa, Jack Hayford, ya yi bayanin cewa kansa yake yi wa ba'a, sannan aka mayar da shi.

Ni a ganina an bar jaki ne ana dukan taiki. Akwai tambaya mai nauyi da ta kamata a yi wa Pat Boone, amma ba a 1997 take ba, kuma waɗanda suka fusata da falmaran ɗin su ne dai jama'ar da ba ta taɓa yi masa ita ba.

A fara da abin da ya faru a daren. Ranar da aka gan shi da abin wuyan kare, albam ɗin bai fita ba tukuna. Fushin bai taso daga wata kalma da ya rera ba, daga tufafi ya taso. Mutumin da ke tsaye kusa da shi kuwa, wanda ake ɗauka shi ne jakadan duhu, ɗan mai wa'azi ne, Kirista mai zuwa coci, wanda ya bar giya tun shekarun 1980, babban abin da ke ɗauke masa hankali kuma wasan golf ne. Vincent Furnier sunansa na yanka. Alice Cooper rigar aiki ce da yake sawa ya cire. Boone ya ce shawarar mai shirya bikin ce, Dick Clark, su biyun su yi musayar kama, sai Cooper ya janye, shi kuma ya cika nasa alkawarin. Wato mutum biyu masu addini ɗaya ne a kan dandamali ɗaya, kowa cikin kayan wasa, aka hukunta wanda ya ari kayan na dare guda.

Amma kada a raina masu ƙorafin. Suna da hujjarsu, kuma ba ta wauta ba ce. Waɗannan mutane ne da suka reni 'ya'ya a shekarun 1980, lokacin da tsoron kiɗan metal ya kai har majalisar dattawan Amurka. A Satumbar 1985 aka yi zaman jin bahasi a kan kalmomin waƙoƙi, bisa matsin ƙungiyar iyaye da Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, ke cikin jagororinta, daga nan ne takardar gargaɗin nan da ake liƙawa a jikin faifai ta samo asali. An kai Ozzy Osbourne kotu a kan cewa waƙarsa ce ta sa wani yaro ya kashe kansa. A 1990 aka gurfanar da Judas Priest a Reno, jihar Nevada, bisa zargin ɓoye saƙo a cikin kiɗa. Kotu ba ta kama ko ɗaya daga cikinsu da laifi ba, amma uwar da ta ga waɗannan shari'o'i a labarai ba hukuncin ta riƙe ba, fuskar iyayen yaran ta riƙe. Tashar kuma da gudummawar masu kallo take rayuwa. Tsohuwar da ke aika 'yan dalolinta duk wata tana ganin wanda ke mata wa'azi ba shi da hurumin sa tufafin mutanen da aka ce mata su ke ɓata jikokinta. Wanda ya mai da kamalarsa jari, ba shi kaɗai ke da ita ba kuma. Masu saye suna da ta cewa. Wannan na yarda da shi.

Inda na rabu da su shi ne ba su tsaya sun saurara ba, alhali albam ɗin ya yi musu aikin da majalisa ba ta iya yi ba. Ya rage gudun waƙoƙin, ya kashe ƙarar, Boone kuma mutum ne mai fitar da kowane harafi tsaf, sai ga kalmomin a fili kowa na ji. Me aka tarar? Waƙar Deep Purple da kowane mai koyon jita ke farawa da ita, "Smoke on the Water", rahoton gobara ce kawai: gidan caca na Montreux a Suwizalan ya ƙone a Disambar 1971 ana tsakiyar wasan mawaƙi Frank Zappa, 'yan Deep Purple suka ga hayaƙi ya lulluɓe tafkin Geneva, suka rubuta abin da suka gani. "Crazy Train" ta Ozzy, wadda ta fito a 1980, kukan tsoron yaƙin cacar baka ne da kiran mutane su daina ƙiyayya. "Enter Sandman" ta Metallica, mafarkin tsoro ne na yaro, har da addu'ar kwanciya barci a ciki. Tabbas Boone tsincewa ya yi, ya ɗauki waɗanda harshensa zai iya ɗauka, kuma akwai waƙoƙin metal da ko an wanke su da sabulu ba za su shiga ɗakin tsohuwar nan ba. Duk da haka, ya nuna cewa kaso mai yawa na abin da ake tsoro a ƙara yake da shiga, ba a magana ba.

Mu ma mun san wannan gardama, ta wata fuskar. A Kano an daɗe ana jin masu bandiri suna ɗaukar karin waƙar fim ɗin Indiya su ɗora mata kalmomin begen Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam. Wasu suka ce an tsarkake karin, wasu suka ce a'a, duk wanda ya ji shi rawar fim ɗin zai tuna. Su sun riƙe kari sun sauya kalmomi, Boone ya riƙe kalmomi ya sauya kari. Tambayar dai guda ce: a ina illar waƙa take zaune, idan tana da ita?

A kiɗance, ba zan ce albam ɗin gwani ba ne. Wasa ne guda da aka maimaita sau 12, kuma kafin a kai rabi dariyar ta fara sanyi. Amma ba aikin ganganci ba ne. Makaɗan ƙwararru ne, masu busa suna shigowa daidai inda jita take gurnani a asali, su ɗauki wannan layin su yi ta wasa da shi. A "Crazy Train" akwai mata 'yan amshi da ke kwaikwayon kukan jirgin ƙasa cikin fara'a, kamar tallar man goge baki, shi kuma yana rera zancen ruɗewar hankali da muryar mai yi wa baƙi maraba. Wannan saɓani shi ne dukkan abin dariyar, kuma yana aiki ne saboda Boone bai taɓa kashe ido ya nuna wasa yake ba. Da gaske yake rerawa. Ga kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina: a "Holy Diver", muryar da ke masa amshi daga baya ta Ronnie James Dio ce, mai waƙar da kansa. Ritchie Blackmore, wanda ya ƙirƙiro layin jitar "Smoke on the Water", shi ya zo ya kaɗa masa ita. Dweezil, ɗan Frank Zappa, shi ma yana cikin makaɗan.

A riƙe wannan, a koma 1955.

A lokacin, gidajen rediyon da fararen fata ke saurare da yawansu ba sa sa waƙar baƙar fata. Idan waƙar baƙi ta fara tashe, sai kamfani ya nemo farin yaro mai tsabtar fuska ya sake rera ta, a sassauta kiɗan, a goge duk kalmar da ke da ƙamshin bariki, a tura rediyo. Kamfanin Dot Records ya samu irin wannan yaro a jikin Pat Boone. Fats Domino ya fitar da "Ain't That a Shame", ta tsaya a lamba 10 a jerin waƙoƙin gama-gari. Ta Boone ta kai lamba 1. Little Richard ya fitar da "Tutti Frutti", Boone ya bi sawu, tasa ta wuce ta mai ita. Har ana ba da labarin cewa waƙar Little Richard ta gaba, "Long Tall Sally", da gangan aka zuba mata gudu don harshen Boone ya kasa bi. Bai fasa ba, ya rera ta, sai dai a wannan karon ta mai waƙar ce ta yi sama.

Doka ba ta hana ba. A Amurka, da zarar an fitar da waƙa, kowa na iya sake rera ta muddin ya biya kuɗin da doka ta yanke, wanda a wancan zamani santi 2 ne a kan kowane faifai. Kuɗin kuma wurin wanda ya mallaki haƙƙin rubutun yake zuwa, ba lallai wurin wanda ya yi waƙar ba. Domino da abokin aikinsa Dave Bartholomew suna da suna a kan tasu, don haka sun samu rabo. Boone kan ba da labarin yadda Domino ya nuna wa jama'a wani zobe ya ce waƙar Boone ce ta saya masa. Little Richard kuwa ya ce dala 50 ya sayar da haƙƙin "Tutti Frutti", kwantiraginsa kuma rabin santi ne a kan faifai. Ba Boone ne ya rubuta wannan kwantiragi ba, kuma yana ɗan shekara 21 a lokacin, abin da kamfani ya miƙo masa yake rerawa. Hujjarsa har kullum ita ce shi ya buɗe ƙofa: yaran da suka ji tasa sun je sun nemo ta asali. Akwai gaskiya a ciki. Little Richard da kansa ya taɓa cewa yaran fararen fata suna ajiye faifan Boone a sarari inda iyaye za su gani, nasa kuma a ɓoye cikin aljihun tebur. Amma wanda ya buɗe ƙofa ya shige gaba ya zauna a kujerar mai gida, ba zai yi mamaki ba in an tambaye shi ladan wa ya karɓa.

To, sana'a guda ce a 1955 da 1997: a ɗauko kiɗan da iyaye ke tsoro, a wanke shi, a miƙa musu. Na farkon an yi masa tafi, ya zama attajiri, ya zama abin koyi. Na biyun aka dakatar da shi daga aiki. Alhali na biyun ne mai tsabta. A 1997 ba wanda Boone zai iya tare wa hanya. Albam ɗin Metallica da "Enter Sandman" ke ciki ya sayar da miliyoyi kafin Boone ya taɓa shi, ba gidan rediyon da zai ajiye tasu ya sa tasa, kuma duk faifan da ya sayar ƙarin kuɗi ne ga marubutan. Shi ya sa Dio da Blackmore suka iya zuwa suna dariya. Kamar wasan taubasai ne: ana yin sa tsakanin waɗanda ba mai iya ƙwace gonar wani, shi ya sa zagin ba ya zafi. Little Richard a 1955 ba taubashin kowa ba ne a wannan kasuwa.

Sai kuma abin da ba wanda ya hango. Boone da Ozzy Osbourne sun yi maƙwabtaka a Beverly Hills, katanga ɗaya, kuma iyalin Ozzy sun sha yabonsa da cewa maƙwabci ne da bai taɓa kai ƙararsu ba. A Maris na 2002 tashar MTV ta fara shirin The Osbournes, inda kyamara ke bin iyalin a cikin gidansu. Waƙar buɗe shirin ita ce "Crazy Train" a salon da Boone ya yi mata, da masu busa da 'yan amshi, ko da yake wani mawaƙi ne, Lewis Lamedica, ya rera wadda ake sawa. Shirin ya zama mafi yawan masu kallo da tashar ta taɓa yi zuwa lokacin, ya kuma ci kyautar Emmy. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunan albam ɗin ba sun haddace sautinsa.

Kuma wannan sauti ne ya faɗa wa mai kallo yadda zai kalli mutumin. Ozzy da aka sani da cizge kan jemage a dandamali a Des Moines a 1982, sai ga shi uba mai rawar hannu, yana fama da na'urar sauya tashar talabijin, yana ƙwala wa matarsa Sharon kira, karnuka suna ɓata masa kafet. Da an buɗe shirin da jitar asali ta Randy Rhoads, makaɗin Ozzy, wani labari ne daban. Da aka buɗe shi da busar zamanin kakanni, an riga an ce maka gidan ban dariya za ka shiga. A shekarar nan ta 2002 aka gayyace shi liyafar 'yan jaridar fadar White House, Shugaba George W. Bush ya ambaci sunansa daga kan mumbari, ya kuma yi waƙa a fadar Buckingham a bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 50 a kan gado. Da ya rasu a Yulin 2025, ƙungiyar masu busa ce ta raka gawarsa a titunan Birmingham tana kaɗa waƙoƙinsa, ba wanda ya ga baƙon abu a ciki. Ba na cewa Boone ne ya yi duk wannan. Shekaru ma sun yi nasu, yaran da suka tsorata iyayensu sun zama iyaye. Amma shi ya fara gwada makullin a bainar jama'a.

Bayansa salon ya zama sana'a. Richard Cheese ya fara a 2000 yana mayar da waƙoƙin rock da rap kiɗan otal. Paul Anka, tsaran Boone a tashe, ya fitar da Rock Swings a 2005, aka yaba masa, ba wanda ya kore shi daga ko'ina. Yau YouTube cike yake da masu mayar da sabuwar waƙa tsohon jaz.

Akwai masoya metal da ke ganin wannan hasara ce, kuma na fahimce su fiye da yadda na fahimci masu ƙorafin tashar. Kiɗan an gina shi ne don ya firgita, yaron ma'aikacin masana'anta ya samu abin da zai girgiza bango da shi. Ranar da kakarka ta fara kaɗa ƙafa da waƙar da ka saya don ka ba ta haushi, tusa ta ƙare wa bodari. Sai dai firgitar tun asali rabinta wasan kwaikwayo ce, masu yin ta kuma sun fi kowa sani. Black Sabbath, ƙungiyar da Ozzy ya fara yin suna a cikinta, daga wani fim ɗin ban tsoro suka ɗauko sunansu, bayan sun lura mutane na biyan kuɗi don a tsorata su. Waɗanda ke son tsananin gaske sun ci gaba da samun sa a ƙananan rassan kiɗan, inda ba mai busa da zai iya bin su.

Har yau Boone ba ya cikin zauren karrama gwanayen rock da ke Cleveland, kuma ya sha nuna cewa abin na damunsa. Fats Domino da Little Richard suna cikin rukunin farko da aka shigar a 1986. Metallica sun shiga a 2009, Alice Cooper a 2011, Ozzy sau biyu, a 2006 tare da Black Sabbath, a 2024 kuma shi kaɗai. Masu goyon bayan Boone suna kafa hujja da yawan faifan da ya sayar a shekarun 1950, lokacin da Elvis Presley kaɗai ke gabansa. Da ni ke da ƙuri'a, wannan hujja ba za ta sa in ba shi ba, domin waƙoƙin da ya hau kansu ya shigo rock masu su suna cikin zauren tuni. In har akwai takardar da zai miƙa a duba, albam ɗin da ya tsaya a lamba 125 ne.